Ar-Risala: fim ɗin da ya ƙi nuna fuskar da ya zo ba da labarinta

Duk lokacin da zancen fim da addini ya taso a tsakaninmu, gida biyu ake rabuwa: masu cewa haramun ne ɗungurungum, da masu cewa ai shi ne wa'azin zamani. Daga nan kuma sai baƙar magana ta biyo baya. Roƙona ga ɓangarorin biyu shi ne, kafin a ci gaba da ja-in-ja, kowa ya samu lokaci ya zauna ya kalli Ar-Risala, wanda a Turance ake kira The Message, daga farko har ƙarshe. Ba guntayen da ake yankowa ana yaɗawa a TikTok nake nufi ba. Fim ne da ya fito a 1976, amma har yau ban ga wani da ya kama ƙafarsa ba wajen amsa tambayar da muke ta faɗa a kanta: yaya za a ɗauki abu mai tsarki a sa shi gaban kyamara ba tare da an wulaƙanta shi ba?

Wanda ya shirya shi, Mustafa Akkad, mutumin Halab ne ta ƙasar Siriya. An haife shi a 1930, ya tafi Amurka yana saurayi ya karanci harkar fim a Los Anjeles. Da ya ƙudurta yin fim a kan farkon Musulunci, ya san akwai katangar da ba za ta tsallaku ba: ba za a nuna Manzon Allah (SAW) ba, ba za a ji muryar wani a matsayin tasa ba. Bai tsaya nan ba. Ba a nuna iyayen muminai ba, ba a nuna 'ya'yansa mata ba, ba a nuna Sayyidina Abubakar da Umar da Usman da Ali ba. Abin da za ka gani na Sayyidina Ali a filin Badar shi ne bakin takobinsa mai harshe biyu. Ka duba girman wannan matsala a wurin mai shirya fim. Sana'arsa kacokan nunawa ce, ga shi kuma mutumin da labarin ya rataya a kansa ba zai bayyana ba ko na daƙiƙa ɗaya, cikin fim mai tsawon kusan awa uku.

Abin da ya yi shi ne, idan Annabi yana wurin, sai mutane su juyo su fuskanci kyamara su yi magana, su yi shiru suna sauraro, sannan wani daga cikinsu ya maimaita abin da aka ce. Wani sassanyan sauti ne ke sanar da kai cewa yana nan. Wani lokaci kan taguwarsa za ka gani tana tafe, wani lokaci sandar da ake ture gumakan Ka'aba da ita ranar buɗe Makka. Masu sharhin fim da yawa a Turai da Amurka sun ɗauki wannan a matsayin rauni, wai an yi fim babu jarumi. Ni kuwa a nan nake ganin ƙarfinsa yake. Tunda ba ka ganinsa, dole idonka ya koma kan fuskokin masu kallonsa: yadda muryar Hamza, wanda ba ya tsoron kowa, take sauka idan ya juyo wajensa, yadda Bilal yake tsayuwa, yadda Abu Sufyan yake rasa inda zai sa idonsa ranar da ya zo Madina neman a sabunta yarjejeniyar Hudaibiyya. Haka mu ma muka san shi. Babu ɗayanmu da ya gan shi, ta hanyar abin da ya bari a zukatan sahabbai ya iso gare mu. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, kuma babu mai cewa don ba ta son sa ne.

Kuma kada a ɗauka wannan kawaici namu ne mu kaɗai. A fim ɗin Ben-Hur na 1959, wanda ya ci lambar Oscar goma sha ɗaya, William Wyler bai nuna fuskar Annabi Isa (AS) ba. Bayansa ake gani, ko hannunsa yana miƙa wa fursuna ruwa, sai fuskar sojan Rum da ya zo hana shi ya kasa. Amma shekara uku kafin nan, a fim ɗin dokoki goma na Cecil B. DeMille, an ɗauko Charlton Heston an ce shi ne Annabi Musa (AS). Sakamakon shi ne miliyoyin mutane, idan aka ambaci Annabi Musa, fuskar wannan Ba'amurke ce take faɗo musu a rai. Wannan ita ce ɓarnar da Akkad ya kare mu daga gare ta. Hoto idan ya shiga ƙwaƙwalwa ba ya fita. Mun ga irin haka a gida, lokacin da aka fassara dogon fim ɗin nan na Iran na tarihin Annabi Yusuf (AS) zuwa Hausa ya cika kasuwa: yara da yawa sun tashi da fuskar ɗan wasa a matsayin fuskar Annabi.

Wurin da na fi so a Ar-Risala ba filin yaƙi ba ne, fadar Najjashi ce. Musulmi 'yan gudun hijira suna tsaye gaban sarkin Habasha, Kirista, limamansa na kewaye da shi. Amru ɗan Asi, wanda a lokacin bai musulunta ba, ya zo da kyaututtuka daga Ƙuraishawa yana neman a miƙa masa su. Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi bayanin halin da suke ciki kafin Musulunci da abin da aka kira su zuwa gare shi, sannan aka tambaye shi abin da littafinsu ya ce game da Isa da mahaifiyarsa, ya karanto daga Suratu Maryam. Akkad bai yi gaggawa a nan ba. Ya bar kyamara a kan fuskar sarki har ka ga lokacin da zuciyarsa ta karaya. A littattafan sira zama biyu ne aka yi, Amru ya dawo washegari da sabuwar dabara, kuma ɗan tsinke Najjashi ya ɗauka daga ƙasa ya yi misali da shi. Fim ya haɗe zaman biyu, ya sa sarki ya ja layi a ƙasa da sandarsa. An sauya siffa, ma'ana tana nan. Mu da muke zaune a ƙasar da Musulmi da Kirista suka sha zubar da jinin juna a Kaduna da Jos, muna buƙatar a riƙa tuna mana cewa mafakar farko da sahabbai suka samu, a wannan nahiya tamu ce, a hannun sarki Kirista mai adalci.

Wani abin da fim ɗin ya yi, wanda masu shirya finafinanmu har yau suke tsoro, shi ne bai mayar da maƙiya dodanni ba. Manyan Makka suna da dalilinsu, ko da ɓatacce ne: gumakan nan su ke jawo fatake da mahajjata, su ke riƙe da kasuwa, kuma addinin da zai daidaita bawa da ubangidansa barazana ce ga duk tsarin da suke ci da shi. Hindu 'yar Utba ta rasa mahaifinta da ɗan'uwanta da baffanta a Badar rana ɗaya. Idan ka ga Irene Papas, ko Muna Wasif a na Larabci, tana wannan kuka, za ka gane daga ina ƙiyayyar da ta kai ta ga gawar Hamza a Uhudu ta fito, ko da kuwa jikinka na rawa saboda munin abin da ta aikata. To sai ga ranar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, an ce duk wanda ya shiga gidan Abu Sufyan ya tsira. Da an nuna mana su tun farko a matsayin mugaye marasa fuska, da wannan afuwa ba ta da nauyi. Sai da muka san abin da suka yi, muka kuma san su a matsayin mutane, sannan muka gane girman abin da aka yafe. Wannan tauhidi ne da fiƙihun rahama, an koyar da su ba tare da an hau mumbari ba.

Ba ina cewa fim ɗin ba shi da aibi ba ne, kuma masu sukarsa daga cikin malamai ba jahilai ba ne. Akwai wuraren da kyamara take zama idon Annabi, kamar ranar Ɗa'ifa da duwatsu ke tahowa kanka kai mai kallo. Wannan yana taɓa zuciya, amma yana da nauyi, domin an tsayar da kai a matsayin da ba naka ba. Na biyu, tunda an ɓoye manyan sahabbai huɗu, sai Hamza da Zaidu da Bilal da Ammar suka cika fili, har wanda bai karanta sira ba zai iya tashi bai san rawar da Abubakar ya taka ba. Na uku, shi kansa Hamza baffan Annabi ne, shugaban shahidai, kuma ga mutane da yawa yau Anthony Quinn ne Hamza. Wato abin da aka guje wa a sama, an faɗa masa a ƙasa. Malaman da suka hana a kwaikwayi kowane sahabi, wannan suke gudu, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. Ni dai a awona, amfanin ya rinjayi wannan, da sharaɗin mai kallo ya san fim yake kallo ba hadisi ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yadda aka yaƙi fim ɗin tun kafin a gan shi. Akkad ya kai rubutun labarin ga malaman Azhar a Alƙahira da majalisar malaman Shi'a ta Labanan suka duba. Duk da haka Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya mai cibiya a Makka, ta ƙi amincewa. An fara ɗauka a Maroko a 1974, an gina garin Makka na kwaikwayo kusa da Marrakesh, sai matsin lamba daga Saudiyya ya sa aka dakatar da aikin. Libiya ce, zamanin Gaddafi, ta karɓe su suka ƙarasa. Jita-jita ta bazu cewa Quinn zai fito a matsayin Annabi, alhali ƙarya ce. A watan Maris na 1977 wasu 'yan bindiga ƙarƙashin Hamaas Abdul Khaalis suka mamaye gine-gine uku a Washington, suka yi garkuwa da mutum kusan 150, aka kashe wani matashin ɗan jarida, kuma cikin buƙatunsu har da a janye fim ɗin. Jakadun Masar da Pakistan da Iran ne suka shiga suka lallashe su da ayoyin Alƙur'ani. Saudiyya kuwa, wadda ta hana shi, sai a 2018 aka haska shi a gidajen silimarta, bayan Malik, ɗan Akkad, ya gyara hoton. Akkad bai ga wannan rana ba. Bam ɗin da aka tayar a otal-otal na Amman a watan Nuwamba na 2005 ne ya yi ajalinsa tare da 'yarsa Rima, a hannun mutanen da ke ikirarin kare addinin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen bayyana wa duniya. Allah ya jiƙansa. Fim ɗin Salahuddin da ya daɗe yana neman kuɗin yi, da shi ya tafi.

A nan gida, ba mu taɓa zama mun yi irin wannan aiki ba. Kano tana da hukumar tace finafinai tun 2001, kuma a 2016 mun ga yadda aka soke shirin gina alƙaryar fim a Kofa bayan malamai sun yi ca. Malamai suna hanawa daga nesa, 'yan fim suna guduwa zuwa soyayya da rawa domin can ne ba a tambayarsu hujja. Alhali Akkad da ƙafarsa ya je wurin malamai da takarda a hannu, shafi bayan shafi, su kuma suka karanta maimakon su kore shi. Muna da tarihin da ba ya ma buƙatar a ɓoye fuskar kowa: zaman Shehu Usmanu a Degel, hijirarsa zuwa Gudu a 1804, Nana Asma'u da jajjinta masu bin ƙauyuka suna karantar da mata, muƙabalar wasiƙu tsakanin Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Borno a kan halaccin yaƙar Musulmi. Wannan na ƙarshen kaɗai ya ishi fim, idan an sami mai ƙarfin zuciyar da zai bai wa kowane ɓangare hujjarsa cikakkiya.

Ga wanda zai nemi Ar-Risala, shawarata ya fara da na Larabci. Kashi biyu aka ɗauka a lokaci guda, da 'yan wasa daban: a gama fage da na Turanci, na Larabci su shigo wuri ɗaya su maimaita. Na Larabcin ya fi tsawo, ayoyi suna zuwa da lafazinsu, kuma Abdullahi Gais, ɗan Masar da ya fito a Hamza, ya fi Quinn natsuwa. Na Turancin kuma a kalle shi ko don Johnny Sekka, haifaffen Dakar, wanda ya fito a Bilal. Idan da yara za a kalla, a ajiye littafin sira a kusa, a riƙa tsayar da fim ɗin ana gaya musu wanda ba a nuna ba da dalilin da ya sa, musamman a kogon Sauru inda Abubakar yake ciki amma ba za su gan shi ba.