Faifan Bombino da katin memorin da ya ɓace mini

Ina da shekara 15 lokacin da faifan Agadez na Bombino, makaɗin jita Ba'abzine, ya iso fadarmu, wato majalisar hirarmu ta matasa, a Damagaram. A 2011 ya fito, amma mu ko kwalinsa ba mu taɓa gani ba. Wani abokinmu da yayansa ke tuƙa babbar mota a hanyar Agadas ne ya zo da shi a katin memori, ɗan mitsitsi kamar farce, ƙunshe cikin takarda. Muka sa shi a wata ƴar salula mai tsagaggen gilashi, muka jefa ta cikin kwanon sha don sautin ya ƙaru. Shayi na tafasa a kan gawayi, mu bakwai a tabarma ɗaya, har aka sha na uku babu wanda ya ce uffan.

Ba ma jin Tamashek, harshen Abzinawa. Sai daga baya na san waƙar farko gaisuwa ce mutum yake yi wa ƙasarsa. Abin da muka ji a daren shi ne jita da ke farawa a hankali, tana komawa wuri ɗaya kamar tafiyar raƙumi, tafi na bin ta, can sai ta lantarki ta ɓarke da kuka har tsikar jiki ta tashi. Turawa na kiran wannan kiɗa rok na hamada. Masu shi kuwa suna ce masa assouf, kalmar da ke nufin kewa da bege a harshensu. Kiɗan da nake kewa yau, shi kansa sunansa kewa.

Da dalili. An haifi Omara Moctar, wato Bombino, a 1980 a yankin Agadas. Yana ɗan shekara 10 tawayen Abzinawa ya kori iyalinsu zuwa Aljeriya, a gudun hijirar nan ya fara taɓa jita. Da rikici ya sake tashi a 2007, jita ta zama abin tuhuma, aka kashe biyu daga cikin abokan kiɗansa, shi kuma ya tsere Burkina Faso. Sai a watan Janairun 2010 ya yi wasan dawowa a gindin hasumiyar babban masallacin Agadas, da amincewar Sarkin Abzin. Duk wannan yana cikin sautin faifan, ko ba ka jin kalma ɗaya.

Nakan ji ana cewa irin wannan kewa ruɗin kai ce: wai ba waƙar kake so ba, ƙuruciyarka kake nema. Na yarda da rabin maganar. Abin da ya shiga kunnen mutum yana tashen balaga ba ya fita, haka kowa yake. Shi ya sa ba na cikin masu zagin waƙoƙin yaran yanzu, domin su ma wata rana za su ji abin da nake ji. Amma ɗaya rabin maganar ne ya dame ni, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Katin nan ya ɓace mini wajen ƙaura, shekaru da suka wuce. Faifan Bombino ban rasa shi ba, yana intanet, kowace safiya in na so zan ji. Yana nan ne saboda kamfanin Cumbancha na Amurka ya buga shi, ya rarraba shi duniya. Daga nan hanya ta buɗe wa mai shi: ya ɗauki faifan Nomad a birnin Nashville na Amurka, ya fito a 2013, sannan Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa a takarar kyautar Grammy. Sai dai ba Bombino kaɗai ke cikin katin ba. Akwai waƙoƙi wajen ashirin da aka ɗauka da waya a wuraren biki, kana jin guɗar mata da ƙarar janareto a bayansu. Ba sunan mawaƙi, ba sunan gari, sai lamba. Akwai ɗaya da wani mai dasasshiyar murya yake rerawa yana haɗa Hausa da Tamashek, ita muka fi maimaitawa. Na neme ta wajen abokai, na neme ta wajen masu tura waƙa a kasuwa, na rera wa mutane amshinta suna kallona. Ban same ta ba.

To ga inda nake da ƙorafi a kanmu. Muna da kewa mai yawa, amma ba mu iya ajiya ba. Dubi Mdou Moctar, wani mai jita Ba'abzine ɗan Nijar: a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon muryar na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waya zuwa waya ya yaɗu har Mali, ba tare da wani kamfani ba. Sai da wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara irin waɗannan waƙoƙi daga wayoyin mutane, ya fitar da su a kamfaninsa Sahel Sounds, sannan duniya ta san shi. Kirkley ne kuma ya ci karo da kaset ɗin Mamman Sani mai kiɗan ogan a Yamai, ya sake buga shi a 2013, bayan fiye da shekara 30 da ɗaukarsa. Ba na jin haushin baƙon nan, na gode masa ma. Amma baƙo yana zaɓar abin da ya yi wa kunnensa daɗi ne, da abin da zai sayu a can. Mawaƙina mai dasasshiyar murya bai shiga zaɓin kowa ba.

Wani zai ce ƙasa na fama da yunwa da rashin tsaro, wa ke da lokacin tsofaffin waƙoƙi? Ni kuwa ina ganin waƙoƙin nan su ne shaidar yadda mutane suka rayu a cikin wancan rashin tsaron. Abin da matasan Agadas suka ji a ransu tsakanin 2007 da 2009 ba a takardun gwamnati yake ba, yana bakin masu jita. In ya ɓace, jikokinmu labarin wasu za su karanta a kanmu.

Kuma aikin ba na miliyoyi ba ne. Taskarmu ta gaskiya tana hannun masu tura waƙa, waɗanda ke zaune ƙarƙashin rumfa da tsohuwar kwamfuta a kasuwannin Damagaram, Tawa, Maraɗi da Kano. Ranar da kwamfutar ta mutu, shekara goma na kiɗa sun bi ta. Jami'ar André Salifou da ke garinmu da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai suna da ɗalibai masu neman abin bincike. A tura su su kwafi abin da ke rumfunan nan, su zauna da direbobi da tsofaffin makaɗa a gano wane ne ya rera, a wane gari, a bikin wa. Gidajen rediyon al'umma su riƙa sa waƙoƙin da ba a san masu su ba, masu sauraro su kira su faɗi suna. Idan an gano mawaƙi, a rubuta sunansa, in wani kuɗi ya shigo a ba shi haƙƙinsa ko a ba magadansa.

Daga cikin mu bakwai na tabarmar nan, biyu suna Libiya, ɗaya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Ragowar mun yi alkawari kowa zai binciki akwatinsa da tsofaffin wayoyin gidansu. Zuwa yanzu an samo kati huɗu, biyu suna buɗewa. Waƙar ba ta ciki, amma akwai wasu goma sha ɗaya da na manta na taɓa ji, kuma na riga na kwafe su wuri uku.