Karamcin Iskandar ko dabarar mulki?

Malam marubuci, sannu da ƙoƙari, amma yabon da ka yi wa Iskandar, sarkin Masidoniya, a rubutunka kan yadda ya riƙe iyalan Sarkin Farisa Dariyus na Uku ya yi yawa. Gaskiya ne bayan yaƙin Issus a shekara ta 333 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da Dariyus ya tsere ya bar mahaifiyarsa Sisigambis da matarsa Satatira da 'ya'yansa mata biyu, Iskandar bai wulaƙanta su ba, ya bar musu bayinsu da darajarsu.

To amma wa ya ba mu labarin? Marubutan Girka da Rum, ɓangaren da ya yi nasara. Dariyus ya aiko da tayin fansa mai tsoka, Iskandar ya ƙi. Da mai tausayi ne, da ya sake su. Riƙe su ya yi domin jinin sarautar Farisa na hannunsa, shi ya sa a shekara ta 324 a birnin Susa ya auri babbar 'yar, ya aurar da ƙanwarta Diraifetis ga amininsa Hefastiyon. Matar Dariyus kuwa tun kafin nan ta rasu a tsare.

Kuma ka tsallake ƙarshensu. Da Iskandar ya mutu a Babila a 323, an ruwaito cewa uwargidansa Roksana ta sa aka kashe 'yan matan nan biyu, tsohuwa Sisigambis kuma ta ƙaurace wa abinci har ta cika.