Mazarƙwaila ba maganin ciwon suga ba ce

Jiya da la'asar na leƙa gaida Goggo a nan Daura, na tarar ta dama kunun tsamiya, tana gutsurar mazarƙwaila tana jefawa a kofi. Tun bara likita ya hana ta sukari saboda ciwon suga. Na ce, "Goggo, wannan fa?" Ta ce, "Ai ba na kanti ba ne, ɗana. Ruwan rake ne zalla." Wallahi raina ya sosu, don na san ba ita kaɗai ba ce a wannan fahimta, har wasu na ɗaukar mazarƙwaila magani ce ga ciwon suga.

Jama'a, farin sukarin ma ɗan rake ne. Masu mazarƙwaila suna matse rake, su dafa ruwan a babban kasko har ya yi kauri, su zuba a ƙananan kwanoni ya daskare. Kamfani kuwa ya ƙara tacewa, ya raba baƙin ruwan da farin ƙwayar. Wannan baƙin ruwa shi ke ba mazarƙwaila launinta da ƙamshin nan da nake so tun ina yaro, da ɗan sinadarin ƙarfe. Amma mafi yawanta sukari ne, kuma jinin mai ciwon suga haka zai karɓe ta, ya hau. Daɗi kam ta fi, ban musa ba. Magani ne dai ba ta zama ba.

Irin wannan fahimta ta fifita na asali ta shafi gishiri ma, kuma batunsa ya fi damuna. Shekaru aru-aru ayarin Buzaye ke ɗauko gishirin Bilma a raƙuma, irin wanda ake kira kantu da wanda ake kira beza, har ƙasar Hausa, kuma ina girmama wannan tarihi. To amma tun 1993 Najeriya ta wajabta sa sinadarin aidin a gishirin da ake ci, kuma rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo. Ku tambayi tsofaffinmu yadda a da ake ganin mata da ƙulli a wuya sun ɗaura mayafi suna rufewa. Abin da ido ba ya gani ya fi muni: mai ciki in ta rasa aidin, ƙwaƙwalwar jaririnta ce ke shan wahala. Yanzu sai ga wasu a WhatsApp suna cewa a watsar da gishirin leda a koma na dutse. Ina roƙon masu yaɗa wannan su ji tsoron Allah. Wajen hawan jini kuwa dukansu ɗaya suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin ɗanɗanon miya.

A man fetur ba mu taɓa yin wannan gardama ba. Ga matatar Damagaram can kusa da mu tun 2011, kuma babu ɗan acaɓar da ya ce a ba shi ɗanyen mai don shi ne na asali. Kananzir in ya gauraya da fetur, fitila ke fashewa a ɗaki.

Kafin in fito na ja matar ɗanta gefe, muka yi magana a kan kunun safe. Goggo dai ba ta yarda ba tukuna, ta ce iyayenta sun sha har suka tsufa. Ranar Juma'a zan koma da na'urar gwajin suga, mu auna kafin ta sha da bayan awa biyu, ta gani da idonta.