Ranar da na kunna hita a hanyar Goronyo

Motar da ƙanina ya turo mini daga Jamus gida ce sukutum a kan taya: ga gado, ga ɗan kicin, har da banɗaki. Tsohon injin dizal gare ta, wanda aka ƙera don ƙasar ƙanƙara. Shi ya sa hitarta ke aiki ram, na'urar sanyaya kuwa tun a Kwatano ta ce ga garinku nan.

Da muka shirya zuwa kallon madatsar ruwa ta Goronyo cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai na biya wurin bakanikena. Ya leƙa lagireto, ya ɗago ya dube ni.

"Alhaji, wane ruwa kaka ba ta?"

Na ce na rijiya mana. Ya kwance tiyo, wani jan ruwa mai tsatsa ya zubo kamar kunun kanwa. Ya ce ruwan rijiya shi ke toshe ƙananan bututun ciki, ƙurar hunturu kuma ta liƙe fuskar lagireton har iska ba ta ratsawa. Ya wanke, ya ɗaure fambel, ya zuba koren ruwan nan na kanti. Sannan ya ja mini kunne: in allurar zafin inji ta hau, kada in kuskura in buɗe murfin lagireto, tafasasshen ruwa zai wanke mini fuska. In rage gudu, in kunna hita har ƙarshe, domin ita ma ƙaramin lagireto ce, tana janye zafin inji ta turo shi cikin mota.

Abin da bai tambaya ba shi ne wa zan ɗauka. Uwargida, yara, janareto, tankin ruwa cike, da surukata Inna, wadda ta taho da ƙwaryar man shanu za ta kai wa ƙawarta.

Muna wuce Achida allura ta fara hawa. Na yi bisimilla na murɗa hita. Kafin ka ce kwabo yara sun tuɓe riguna, man shanu ya narke yana bin ƙasan gado. Inna dai ba ta yi wa suruki magana kai tsaye, sai na ji ta ce wa 'yarta, "Ke, tambayi mai gidan naki, laifin mi muka yi mai?"

Na samu inuwar dogon yaro na faka, na bar injin yana aiki a hankali don fanka ta ci gaba da hura shi. Sai ga wani bawan Allah da gudu, rungume da ruwan leda mai ƙanƙara, zai sheƙa wa injin taimako. Da ƙyar na tare shi; ruwan sanyi a kan ƙarfe mai zafi haka, kan injin sai ya tsage. Mu muka shanye ruwan, na kuma biya.

Inna ba ta ce uffan ba har muka dawo gida. Washegari da sassafe sai ga sallama: ita ce da ƙawayenta tsofaffi. Wai tun jiya gwiwarta ta daina ciwo, sanyin ƙashin ya fita. Suna tambaya yaushe motar za ta sake zuwa Goronyo.