Motar da ta tashi ban sani ba

Labari ya iso mana ranar Alhamis cewa sabuwar mota ta sauka a wurin dillalan, ranar Asabar da hantsi kuwa mu biyar muna can, kamar yadda muka saba duk lokacin da aka fitar da sabon samfuri, ko da yake babu mai niyyar saye a cikinmu, kuma masu wurin sun daɗe da sanin haka. Mun tarar an fito da ita farfajiya, fara sol, ko ledar kujeru ba a cire ba, mutane sun kewaye ta kowa yana faɗin albarkacin bakinsa. Mutumin namu mai tsohuwar Marsandi ya fara da abin da ya saba, wato ya buɗe ƙofa ya rufe har sau uku yana sauraron ƙararta, sannan ya yanke hukuncin cewa ƙarfen zamani gwangwani ne. Dogon cikinmu ya shiga kujerar baya ya miƙe ƙafa ya ce ya yafe mata komai. Wani ya leƙa but ya fito yana salati, domin babu safayar taya, sai ɗan famfo da kwalbar ruwan liƙe huji. Wani kuma ya tsaya yana ƙorafin cewa an kwashe rabin maɓallan an zuba su cikin allon taɓawa.

Ni kuwa ban ce komai ba tukuna, saboda na san inda nawa aikin yake. Duk wanda ya san ni ya san cewa da kunne nake auna mota. A kan Fijo 504 mai kafireta na koyi tuƙi, kuma tun daga lokacin nake iya gane fulogin da ya mutu daga nesa, ko in faɗi yawan silinda ba tare da an buɗe bonet ba. Wannan suna na fi shekara ashirin ina gina shi, kuma abokaina, duk da baƙar hassadarsu, sukan yi shiru idan na karkata kai ina sauraro. Saboda haka da ma'aikaciyar wurin, wata yarinya mai ladabi da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, ta ɗago makulli ta tambayi wanda zai fara tayar da ita, sai duk suka nuna ni.

Na shiga, na gyara kujera da madubi a hankali domin kowa ya gani, na taka birki, na danna maɓallin tayarwa. Allo ya kama, fitilun gaban sitiyari suka yi ta walƙiya, iska mai sanyi ta fara busowa, amma daga injin ban ji ko tari ba. Na ga wata kalma da koren rubutu, READY, kuma ba wai ban san ma'anarta ba ne, sai dai na fassara ta da cewa motar ta shirya a tayar da ita. Sai na sake dannawa, komai ya mutu. Na sake dannawa, komai ya dawo, shirun yana nan. Na yi haka har sau biyar, wato kamar yadda na gane daga baya, na kunna lafiyayyar mota sau uku na kashe ta sau biyu a gaban mutum kusan ashirin, a ƙarshe na bar ta a kunne na fito ina girgiza kai irin na likitan da ya ga abin da ba ya so.

Da a nan na tsaya na yi tambaya, da yanzu ba ni da labari. Maimakon haka sai na yi jawabi. Na bayyana wa jama'a cewa batir ne ya sauka, cewa abu ne da aka saba gani a motar da ta yi makonni a cikin jirgin ruwa, kuma ba laifin kowa ba ne, na faɗi wannan ina kallon yarinyar da tausayi domin kada ta ji kunya. Ta ce, "Yallaɓai, ai…" sai na ɗaga mata hannu, na ce ta bari, ba yau na fara ba. Wannan ɗaga hannun shi ne abin da yake hana ni barci har yanzu. Na sa aka buɗe bonet, na duba dama na duba hagu ban ga batir ba, sai waɗansu kaurarun wayoyi ruwan goro da ban taɓa cin karo da irinsu ba. Na nemi kik ban gan shi ba, na nemi altaneta ita ma babu. Duk da haka ban karaya ba, na ce a kawo wayar haɗa batir, da aka yi jinkiri kuma, Allah ya gafarta mini, na ba da shawarar a tura ta. Mai Marsandi ne ya raɗa mini cewa motar ba ta da kuloci, na ce masa na sani, gwada su nake yi.

Sai na cusa kaina can ciki, na karkata kunnen nan nawa mai daraja zuwa ga injin, ina cewa jama'a su yi shiru. Suka yi shiru kuwa, har ana jin motsin ledar kujera. A daidai wannan lokacin injin ya tashi da kansa, babu kowa a kujerar direba, babu wanda ya taɓa komai. Ban san sa'ad da na kurma ihu ba, ihun da ban san ina da irinsa a ƙirjina ba, siriri kamar na yaron da ya ga allura. Na zabura, ƙeyata ta daki ƙugiyar bonet, tabarauna ya zame ya faɗa tsakanin injin da lagireto, na ja da baya da gudu na taka ƙafar dogon namu, na riƙe rigar wani bawan Allah da hannu biyu ina cewa, "Wa ya tayar? Wa ke ciki?" Babu wanda ya amsa, domin rabin jama'ar sun durƙusa suna riƙe da ciki, mai gadin ƙofa ma ya baro ƙofarsa ya zo kallo. Yarinyar ce kaɗai ba ta yi dariya ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jira na saki rigar mutane, sannan ta ƙarasa maganar da na katse, a hankali, kamar mai karanta wa majinyaci sakamakon gwaji: "Yallaɓai, ai tun ɗazu a kunne take."

Motar ashe irin mai haɗin fetur da lantarki ce, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bayanta, inda na tsaya na minti biyar ina yaba fitilu. Idan aka kunna irinta, babban batirin da ke ƙarƙashin kujerar baya shi ke riƙe da komai, injin fetur kuma yana kwance abinsa har sai cajin ya ragu ko an buƙaci ƙarin ƙarfi, sannan kwamfutar motar ta tashe shi ba tare da neman izinin kowa ba. Na'urar sanyaya ɗaki da na bari tana aiki, ƙofofi huɗu a buɗe, ita ta janye cajin har injin ya farka a kunnena. Ƙaramin batir mai bolt 12 da nake nema yana can baya, kik da altaneta kuwa babu su sam, domin injin lantarkin ne yake yin aikinsu duka biyu. Abin haushin shi ne duk na taɓa karanta wannan, kaina ya sani, kunnena ne bai samu labari ba.

Amma ba yarinyar nake riƙe da ita a zuciya ba, kuma ba abokaina ba, su dama an san halinsu. Mutumin da na riƙe wa riga nake nufi, wani mai furfura a gemu da tarin makullai a hannu yana kaɗa su. Tun farkon jawabina yana gefena, hannu a ƙirji, yana gyaɗa kai. Da na ce batir ne, ya ce, "Haka ne, Malam." Da na buɗe bonet, ya ce, "Duba da kyau, Malam." Da na kai hannu kusa da wayoyin nan ruwan goro ne kawai ya ɗan riƙe mini gwiwar hannu, na ɗauka ma girmamawa ce. Sai bayan an gama dariya ya sanar da taron cewa shekararsa takwas yana hawan irin wannan mota, kuma waɗancan wayoyin suna ɗauke da wutar da ta haura bolt 200, shi ya sa ake ba su wannan launi domin bakanike ya kiyaye. Wato ya san komai tun daga dannawar farko, ya zaɓi ya cece ni daga wuta amma ya bar ni da jama'a.

Bai tsaya nan ba. Ya juya ya ba mutanena darasi, a filin da ni na saba bayarwa, cewa wannan fasaha ba sabuwa ba ce, tun 1997 Toyota ta fitar da Prius a Japan, Honda ta biyo da Insight a 1999. Ya maimaita 1997 sau uku, kowane karo yana kallona. Ya ce idan aka taka birki, injin lantarkin yakan koma janareta ya mayar da ƙarfin gudun cikin batir, shi ya sa suka fi tsimin mai a cunkoson gari. Ya ƙara da cewa saboda tsabar shirunsu, a Tarayyar Turai doka ta wajabta tun 2021 kowace sabuwa ta riƙa fitar da wani sauti na musamman idan tana tafiya a hankali ko tana ja da baya, domin masu tafiya a ƙasa da makafi. Sannan ya ce, "Da masu kunne irin na Malam," aka sake fashewa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne duk abin da ya faɗa gaskiya ne, na koma gida na bincika da fatan in kama shi da kuskure ko ɗaya, ban samu ba. Har yau ban san sunansa ba, amma na san ƙarar makullansa, kuma ina jin zan gane ta a cikin dubu.

An yi gwajin tuƙi daga baya, mai Marsandi a sitiyari, ni a kujerar baya a tsakiya, ina dafe da ƙeya. Motar ta zame daga farfajiyar kamar ana jan ta da zare, kuma gaskiya tana da daɗin zama, sai dai duk lokacin da injin ya tashi sai mutum huɗu su juyo su tambaye ni ko lafiya. Da aka nemi ra'ayina a kanta na ce fentin yana da kyau.

Tabarauna kuwa wani yaron garejinsu ne ya zaro shi da lanƙwasasshiyar waya bayan injin ya huce, hannu ɗaya ya ɗan narke. Har yanzu shi nake sawa, yana ɗan karkata hagu. An ce wata mai zuwa za a kawo babbar, mai lantarki zalla, kuma tuni an fara tambayata ko zan je in saurara.