Gidan da ke kusa da jirgi

Duk wanda ke aiki a unguwar Yaba da ke Legas kuma aljihunsa ba shi da nauyi, lissafinsa ɗaya ne: ya samu ciki da falo a Agege, inda ’yan uwa Hausawa suke da yawa, ya riƙa shiga jirgin ƙasa na Red Line da safe. Tun da jirgin ya fara ɗaukar fasinja a 2024, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba. Ka ɗora katin Cowry, na biyan kuɗin jirgi, a kan na’ura, ka wuce, ka bar masu danfo, motocin haya na Legas, da cunkosonsu.

Dillalin da aka haɗa ni da shi, tun kafin mu gaisa sosai ya karɓi kuɗin ganin gida. Wannan kuɗi ba ya dawowa, ko da kango aka nuna maka. Ya ce, “Alhaji, wannan gidan da jirgi kamar hanta da jini ne.” Ban taɓa zuwa Makka ba, amma duk mai neman haya Alhaji ne har ranar da ya biya.

Na duba abin da ake dubawa. Na kalli gindin bango ko akwai zanen da ambaliya ke bari, domin gidan da aka nuna maka a watan Janairu ba shi ne za ka tarar a Yuli ba. Na tambayi mita: ta kati ce, ko ta haɗaka wadda mai firiza uku da mai fanka ɗaya ke biya daidai? Na murɗa famfo, na tambayi wa ke sayen mai idan za a tayar da injin burtsatse. Komai lafiya lau.

Sai lissafi. Haya naira 800,000 a shekara. Ladan dillali kashi 10, kuɗin lauya mai rubuta yarjejeniya wani kashi 10, ga kuɗin ajiya saboda ɓarna, wanda kowa ya ji labarin ana mayarwa amma ba a cika ganin wanda aka mayar wa ba. Kafin a miƙo makulli an kusa miliyan. Mai gidan ya so shekara biyu a dunƙule, na tuna masa dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana karɓar fiye da shekara ɗaya daga sabon ɗan haya. Ya dube ni sama da ƙasa, ya karɓi ɗaya.

Dillali bai yi ƙarya ba. Layin dogo na bayan tagata, ina iya karanta lambar tarago daga kan gado. Matsalar ita ce gidan ya faɗo tsakanin Iju da Agege, kuma jirgi ba danfo ba ne da za ka ɗaga masa hannu. Ga shi Red Line da jirgin Legas zuwa Ibadan hanya ɗaya suke bi, don haka ina shan ƙaho biyu. Zuwa tasha kuwa sai na hau Keke Marwa, wato adaidaita sahu, na sauka, na taka. Dillali da babur ya kai ni ganin gida, kuma tazarar da ya kira minti biyar ta babur ce. Mai neman gida ya taka ta da ƙafarsa, ranar aiki, da ƙarfe bakwai na safe.

Shekara na zagayowa sai ga takarda: haya ta koma miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu. Dokar ta ba ɗan hayar shekara wa’adin wata shida kafin a tashe shi, ta kuma ba shi damar kai ƙara kotu idan ƙarin ya wuce hankali, amma ba ta yanka wa mai gida farashi ba. Abin da ke riƙe haya shi ne layi ɗaya a yarjejeniya: babu ƙari sai bayan shekara biyu, kuma kada ya wuce kashi kaza. Lauyan da na biya na mai gida ne, bai ga dalilin rubuta shi ba.

Na ce wa mai gidan, “Baba, me ya ƙaru a gidan nan?” Ya ce jirgi. Na ce ai ba ya tsayawa a nan. Ya ce, “To ka gode wa Allah, da yana tsayawa miliyan biyu za ka biya.”