Yaron aiki da bututun gas a Birtaniya: ina taimako ya kamata ya tsaya?

Da zarar sanyi ya kankama a Birtaniya, wayar masu aikin boila ba ta hutawa. Boila ita ce tukunyar da ke ƙona iskar gas ta dumama gida da ruwan wanka, kuma mafi yawan gidajen ƙasar da ita suka dogara. Cire tsohuwa a kafa sabuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne: akwai ɗaukar kaya mai nauyi, akwai huda bango, akwai tsiyaye ruwan da ke cikin bututu. Shi ya sa injiniya kan nemi mai kama masa, sau da yawa matashi ne da ke neman abin rufin asiri, har da 'ya'yanmu da ke zaune can.

Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan. Mu mun san sana'a a hannun maigida ake koyonta. Abin da ke damuna shi ne ranar da maigida zai dubi agogo ya ce, "Kai, ƙarasa haɗa wannan, zan leƙa wani aikin, in na dawo zan sa hannu."

Dokar da ke aiki a kan wannan ita ce ta kiyaye haɗarin gas ta 1998. Ta ce duk wanda zai taɓa aikin gas sai ya zama ƙwararre, kuma duk mai yin sa a matsayin sana'a sai yana cikin rajistar da hukumar lafiya da kariya a wurin aiki, HSE, ta amince da ita. Tun 1 ga Afrilu 2009 wannan rajista ita ce Gas Safe, wadda ta gaji tsohuwar rajista mai suna CORGI a Ingila da Sukotland da Wales. Kowane injiniya yana da kati mai hotonsa da lambar lasisinsa, a bayansa an jera irin aikin da aka yarje masa. Wanda ya ci jarabawar murhun girki kaɗai ba shi da hurumin kafa boila. Bayan kowace shekara 5 kuma sai ya sake zama an gwada shi. Wanda ya karya doka na iya fuskantar tara marar iyaka ko ɗaurin da ya kai shekara 2.

Ba haka kawai aka tsaurara ba. A watan Mayu na 1968 gas ya fashe a hawa na 18 na wani dogon bene mai suna Ronan Point a gabashin Landan, kusurwar ginin ta rufta, mutum 4 suka mutu. Bayan wannan ne aka kafa CORGI a 1970, rajista kuma ta zama tilas a 1991.

To, me ya rage wa mataimaki? Da yawa. Zai iya ɗaukar kaya, ya shimfiɗa ƙyalle a kan kafet, ya kafa ƙarafunan dumama ɗaki, ya yi bututun ruwan da ke zagaya gida. Amma bututun gas, da cikin boila inda wuta ke ci, da bututun da ke fitar da hayaƙi waje, duk aikin gas ne.

Na ƙarshen nan shi ne mutane suka fi rainawa. Ana ganin ai bututu ne kawai aka zura ta ramin bango. Amma a tsaya a dube shi da kyau: gaɓa-gaɓa ne, kowace da zoben roba a bakinta. In zobe ɗaya ya murɗe lokacin turawa, daga waje ba za ka ga komai ba, boila za ta tashi, gida ya yi ɗumi, matar gida ta yi godiya har ta kawo shayi. Idan kuma gas ba ya ƙonewa yadda ya kamata, iskar kabon monoksaid ce za ta riƙa tsiyayowa ta wannan 'yar kafa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya take farawa da su, sai a ɗauka mura ce, a rufe tagogi a kwanta. Injiniya na da na'urar auna hayaƙi da ta gwada ko gas na yoyo, ya kuma san ma'anar lambobin da suke nunawa. Yaron da ya yi wata 6 yana kallo ya san inda ake ɗaure kowane noti, amma bai san wannan ba.

Za a ce mini, ai maigidan zai dawo ya duba. Gas Safe da kanta ta bayyana cewa ba ta yarda injiniya mai rajista ya sa hannu a kan aikin gas da ya san marar rajista ne ya yi ba. Hujjar a fili take: gaɓar da aka riga aka rufe da katako ko ta shige cikin silin, wa zai gan ta? Sa hannu shaida ce, kuma ba a shaidar abin da ido bai gani ba.

Na fi ɗora nauyin a kan maigida, domin shi ya san doka, shi ke karɓar kuɗin gida biyu a rana ɗaya yana biyan yaro ladan lebura. Sai dai in abu ya ɓaci, yaron ma ba zai tsira ba, kuma shi ne ba shi da lauya, ba shi da takardar da ke nuna wa ya sa shi. Wanda yake kan bizar karatu ko ta aiki, shari'a irin wannan na iya shafar zamansa a ƙasar.

Ƙofar halak a buɗe take. Ana shiga koyon sana'a a hukumance ta kwaleji ko cibiyar horo, ɗalibi ya yi aikin gas injiniya na tsaye a kansa, a rubuta kowane aiki cikin kundin shaida, sannan ya zauna jarabawar ƙwarewar aikin gas da ake kira ACS ya nemi katinsa. Tana cin kuɗi da lokaci, ban musa ba. Amma matashin da ya riga ya iya bututun ruwa ya ci rabin hanya. Ya tambayi maigidansa ko zai tsaya masa a wannan kundi. In ya ce a'a, kuma gobe ya sake miƙa masa sufana ya nufi mota, to yaron ya ajiye ta a ƙasa ya ce zai jira maigida ya dawo.